Baƙuwar Poku

'Yan uwa mata, ku gyara zama. Wadda ta san ni ta san ni, wadda kuma yau ta fara cin karo da ni, sunana Kuukua, malamar 'yan aji ɗaya ce ni a wata firamare a Takoradi. Shekarata ashirin da tara ba aure, kuma a wurin mahaifiyata wannan ita ce babbar matsalar da ke damun ƙasar Ghana, ta fi tsadar man fetur.

Ranar da aka ba mu hutun Ista, ko takalmi ban cire ba Maame, wato mahaifiyar tawa, ta fito daga uwar ɗaka rungume da wani leshi ruwan zuma mai duwatsu. Ta shimfiɗa shi a kan doguwar kujerarmu, ta ja da baya tana kallonsa kamar jaririn da aka haifa yanzu.

Na ce, "Maame, bikin wa za mu?"

Ta ce, "Naki. Litinin ɗin Ista dangin Mista Eshun za su zo da kwalbarsu ta neman aure su ƙwanƙwasa ƙofa."

"Wa ya ce su zo?"

"Wa ya ce kada su zo? Ƙofar taki ce ko tawa?"

Bari in yi wa Mista Eshun adalci, kada ku ɗauka dodo ne. Mutumin kirki ne, yana da shagon siminti da rodi, shi ke da babbar murya a mawaƙan cocinmu, farar rigarsa kullum a goge har karinta na iya yanka hannu. "Madam Ticha" yake kirana. Aibunsa ɗaya ne: in ya zauna hira, da siminti zai fara, da siminti zai rufe. Na taɓa yin gyangyaɗi yana yi mini bayanin bambancin yashin kogi da na teku, da na farka ko rabi bai kai ba.

Ni kuwa zuciyata na Tarkwa, wurin Opoku, wanda nake kira Poku. Ba'asante ne, ma'aikacin jinya a wani asibiti a can. Dogo, baƙi, mai wushirya, in ya yi dariya sai idonsa ya rufe ruf. Shekara biyu muna tare. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, daga wurin aiki ya hau mota ya zo ya yi mini farfesun kifi da hannunsa. Amma da zarar na ɗauko zancen manya, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Kuukua, akwai maganar da nake so mu yi tukuna." In na ce to ina ji, sai ya ce ba yau ba.

Maame ta ce wannan jiran gawon shanu ne. Ta ce mutum ya toshe ƙofa, shi bai shiga ba, bai ba wani hanya ba.

Na shiga ɗaki na kira shi.

"Poku, ina za ka yi Ista?"

"Aiki, sarauniyata. Duk hutun ina asibiti."

Na ce, "To, Allah ya ba da lada," na kashe. Zancen leshi ko tari ban yi masa ba. Na ce a raina tunda yana da maganar da ba yau ba, ni ma yanzu na samu tawa.

Ana haka Allah ya kawo mini mafita. Anti Mansa ta bugo, ta ce 'yarta Baaba ta haihu tun lokaci bai yi ba, ga Ista ta zo, ba mai riƙe mata wayar masaukin baƙinta. Kafin ta rufe baki na jawo jaka. Maame ta biyo ni har bakin titi tana cewa, "Lahadi da yamma in gan ki a gidan nan. Rana ba ta ƙarya, kuma ni ba zan zama uwar ɗiyar da za ta ji kunya ba." Na tura wa Poku saƙo cewa na tafi wurin Anti. Da yake antocina sun fi yatsun hannu, bai tambayi wacce ba.

Anti Mansa yayar Maame ce, amma sai an gaya muku. Maame ko zubar da shara za ta je sai ta shafa hoda. Anti Mansa kuwa gajeren wandon marigayi mijinta take sawa, ta ɗaura zani a kai, ta kifa hular kaba, tana ƙyafe kifi tana ba ma'aikata umarni da muciya. Masaukinta, Epo Ano, yana can inda hanya ta gaji ta tsaya. Mota ta sauke ki a mararrabar Agona, wata ta ɗauke ki ta ratsa gonakin roba tana jijjiga miki hanji, har bakin kogi. Daga nan sai kwale-kwalen Egya Atta ya tsallaka da ke, ki tuɓe takalmi ki bi rairayi. 'Yan ɗakuna ne na gora da jinka a ƙarƙashin kwakwa, kowanne da gidan sauronsa da tulun wanke ƙafa a ƙofa, teku kuma a gabanki yana ta surutunsa.

Wayar masaukin cikin leda take zama, a rataye jikin wata kwakwa a kan tudun bayan kicin, don nan kaɗai sabis ke sauka. Aikina in hau safe da yamma in amsa wa baƙi. Amsar kusan ɗaya ce kullum, sai dai tambayar ta sake kaya. Wani ɗan Accra ya ce doguwar motarsa mai jan ciki za ta kai ƙofar ɗaki? Na ce ya bar ta a Agona in yana son ya sake ganin cikinta. Wata ta turo hoton akwatinta mai taya, na ce rairayi bai san taya ba, ta nemi jakar goyo. Kowa sai na tuna masa ya ciri kuɗinsa tun a Agona, don bayan nan ba na'urar da za ta tofo masa ko sisi, ya taho da tocila, ya baro gida da wuri don Egya Atta ba ya tsallaka kogi in rana ta faɗi. Wata Baturiya ta tambaya ko akwai ruwan zafi. Na leƙa kicin na tambayi Anti.

Ta ce, "Ce mata akwai. Rana ke dafa shi, ta yi wanka da la'asar."

Ranar Laraba da safe na hau tudu da kofin kokona, na zaro wayar daga leda, sai ga saƙo daga wata lamba. Jama'a, lambar nan ko daga barci aka tashe ni zan karanto ta. Ga kuma hoton Poku a sama, cikin farar rigar aiki, hoton da ni na ɗauke shi da hannuna.

"Barka da safiya. Don Allah ina neman ɗaki daga Juma'a zuwa Litinin. Mu biyu ne."

Na karanta. Na goge fuskar wayar da gefen zanina na sake karantawa. Mu biyu. Mutumin da ke asibiti duk hutun. Sai a lokacin na tuna ban taɓa gaya masa sunan masaukin ba, don mu a gida "wurin Anti" muke cewa. Amma yabon bakin tekun nan kam, ba irin wanda ban yi masa ba. Wato da bakina na zaɓa masa inda zai kai wata.

Na gangaro, koko na zuba a hanya, na miƙa wa Anti wayar. Ta nisanta ta daga idonta ta karanta, ta kalli hoton.

"Wannan ne mai wushiryar?"

"Shi ne."

"Ai kuwa kyakkyawa ne, ja'iri. Ba shi ɗakin da ke kusa da banɗaki."

"Anti, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ko kuma ki ce ya biyo ta hanyar fadama ya fi sauri. Kafin su fito, sauro ya raba auren."

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na rubuta zancen fadamar nan har ƙarshe, na tsaya ina kallonsa, sannan na goge. Na ce a'a, kifi ba a kama shi da hayaniya. Na koma tudu na zauna, na gyara murya kamar yana jina, na rubuta: "Barka dai, yallaɓai. Akwai ɗaki. Gado ɗaya kuke so ko biyu?"

"Biyu, in da hali. Amma a kusa da juna, tana tsoron duhu."

Tana tsoron duhu. Ni da nake bin lungun unguwarmu in an ɗauke wuta ba ko tocila, ba wanda ya taɓa tambayata ko ina tsoro.

Na rubuta: "Wutarmu ta hasken rana ce, takan yi rauni kafin asuba. Sai ku taho da tocila. Akwai abin da madam ba ta ci?"

"Ba ta cin yaji ko kaɗan. Kuma ƙaguwa tana ba ta tsoro."

Na leƙa ta saman katangar kicin na karanta wa Anti da ƙarfi. Ta ajiye wuƙa.

"Mace a ƙasar nan ba ta cin yaji? Da me za ta ci tuwon dokunu, da madara?"

Ya sake turowa: "Ba ta taɓa ganin teku ba. Akwai inda za ta shiga ruwa ba haɗari?"

Kafin rana ta take, ni da Anti mun gama ƙera matar nan tsaf. Fara ce ta mai, 'yar Kumasi, farcenta zaƙo-zaƙo, gashin dokinta har gadon baya, tana magana ta hanci. Anti ta ce da kanta za ta dafa mata miyar ƙaguwa, ta sa mata mafi girma a tsakiyar kwano, ido a sama. Muna cikin haka tawa wayar ta yi ƙara a aljihu, don ita ma ta samu sabis. Poku ne: "Ya hutu, sarauniyata? Aiki ya yi yawa a nan, ina kewarki." Waya biyu a hannuna, mutum ɗaya, ƙarya ɗaya. Na tura masa hoton babban yatsa, na mayar aljihu.

Washegari Egya Atta ya aiko a tuna mini in tambayi duk mai zuwa girman jikinsa, don ya ware rigunan ruwa, ba ya ɗaukar kowa a kwale-kwalensa ba riga. Na ji daɗin wannan aike. Na hau tudu da rawar jiki na rubuta: "Yallaɓai, saboda rigar ruwa, madam mai jiki ce ko siririya?" Na zauna ina jira ina kaɗa ƙafa.

Amsar ba ta daɗe ba.

"Yi haƙuri, ashe ban yi bayani ba. Ba madam ba ce. 'Yata ce, Pomaa, shekararta shida. Mafi ƙanƙantar da kuke da ita za a ware."

Ƙafata ta daina kaɗawa.

Ban san tsawon zaman da na yi a gindin kwakwar nan ba. Ina ganin masunta can nesa suna jan taru suna waƙa, ina jin Anti tana faɗa da mai kawo ƙanƙara, amma duk kamar a gidan maƙwabta ake yi. Na shirya wa mace. Na tanadi kallon da zan yi mata, na zaɓi rigar da zan sa, har maganar da zan yaɓa wa Poku a gabanta na haddace. Ban shirya wa yarinya 'yar shekara shida mai tsoron duhu ba. Shekara biyu yana cin abinci a kwanona, ya san sunan kowane yaro mai ƙiriniya a ajina, bai taɓa cewa shi ma yana da tasa ba.

Anti ta gaji da kirana ta hawo da kanta tana haki. Na miƙa mata wayar. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta zauna kusa da ni a kan saiwa, ta cire hular kabarta tana fifita.

"Ke da kike wuni da yara, aka ce miki tana tsoron duhu, ba ta cin yaji, ƙaguwa na ba ta tsoro, ba ki gane ba?"

"Kishi ne ya rufe mini ido."

"Ni kuma tsufa." Ta mayar da hularta. Can ta ce, "Kuukua, da mace ce, da sai in ce ki tsaya ki kore ta. Wannan ba inda za ta. Don haka ki tambayi kanki tun kafin su iso, haushin yarinyar kike ji, ko haushin ɓoyewar?"

"Ɓoyewar."

"Kin tabbata? Kada ki amsa mini don in ji daɗi. Ni ba ni zan yi mata wanka ba."

Na ce na tabbata, amma gaskiya a lokacin ban san ko na tabbata ba. Abin da na sani shi ne, da Anti ta sauka, hannuna da kansa ya shiga rubutu. Na ce wa Poku kada ya cika wa yarinyar ciki kafin su kama hanyar gonakin roba, biskit da ruwa sun isa, ya roƙi direba ya ba su gaba, ya sa mata alewar citta a aljihu saboda amai. Ya sa kayan canji ɗaya a leda a saman jaka, don kwale-kwale yakan yi feshi. Hula mai faɗi, silifa ba takalmin coci ba, man sauro na yara, da 'yar tocilarta ita kaɗai wadda za ta riƙe a gado, don yaro in haske na hannunsa ba ya kuka. Na ce tekunmu yana da ja, ko babba ba ya wuce gwiwa, amma a bakin kogi akwai wuri mai sanyi marar zurfi inda yaran ƙauye ke wasa. Na ce za a yi mata shinkafa da miyar tumatir ba yaji.

Ya rubuto: "Na gode ƙwarai. Kina magana kamar malamar makaranta. Na san wata mai irin maganarki."

Na mayar da wayar cikin leda na ƙulle da ƙarfi.

Juma'a da la'asar na yi wanka da ruwan da rana ta dafa. Rigar yaƙin da na ware, ja mai buɗaɗɗen baya, na mayar da ita jaka. Na sa doguwar rigar atamfa shuɗiya irin ta ma'aikatan Anti, na tufke kitsona baya, ɗan kunne ƙarami, ba jan baki. Na tafi bakin kogi na tsaya a inda muke tarbar baƙi, da kwakwa biyu fasassu a faranti.

Tun daga tsakiyar ruwa na hango su. Shi yana zaune ya rungume jakar goyo, ita kuma rigar ruwa ta haɗiye ta, ba abin da ake gani sai hula mai faɗi da 'yan ƙafafu cikin silifa ruwan hoda. Duk abin da na ce ya yi. Kwale-kwale ya daki rairayi, ya sauko ya ɗauke ta ya dire, ya juyo yana murmushin gaisuwa.

Murmushin ya tsaya a inda yake.

Na ce, "Sannunku da zuwa Epo Ano, yallaɓai. Ya aikin asibiti?"

"Kuukua."

"Hanya ba ta ba ku wahala ba?"

Ya sosa ƙeya. Egya Atta, da Anti ta riga ta ba shi labari tas, ya ga ya kamata ya duba wani abu a ƙasan kwale-kwalensa. Yarinyar ta ɗaga hula ta dube ni. Wushiryar ce sak, da idon, har yadda take karkata kai.

Ta ce, "Anti, ban yi amai ba."

Na durƙusa na kwance mata igiyar rigar. "Kin yi ƙoƙari. Manya ma suna yi a hanyar nan."

Ta nuna ubanta. "Dada ya ce akwai ƙaguwa."

"Akwai, amma su ke tsoronki. In kin taka ƙasa da ƙarfi sai su shige rami."

Ta taka da ƙarfi, wata ƙarama ta ruga ta shige. Ta sheƙe da dariya, idonta ya rufe ruf. Na kau da kai, don ban so uban ya ga fuskata ba.

Anti Mansa ta karɓe ta a kicin, ta ce ta zo ta taya ta tsince shinkafa. Ni da shi muka taka zuwa wani tsohon kwale-kwale da aka kife a rairayi. Na zauna a kai, shi ya tsaya kamar ɗalibin da aka kira ofishin hedimasta.

Na ce, "Yau ce, ko yau ma ba yau ba?"

Ya ce yau ce. Ya ce tun yana makarantar koyon jinya aka haife ta, shi da uwar ba su yi aure ba, yanzu tana Sunyani da mijinta da wasu 'ya'yan. Pomaa na hannun mahaifiyarsa a Bekwai tun tana rarrafe. Ya ce kafin ni ya nemi wata, ranar da ya gaya mata, ranar ta daina ɗaukar wayarsa.

"Da na haɗu da ke na ce sai mako mai zuwa. Mako ya zama wata. Daga baya kuma ba tsoron yarinyar nake ba, kunyar daɗewar nake ji."

"Sai ka zaɓi ka mai da ni sakarya."

"Na yi laifi, Kuukua. Ba ni da abin karewa."

"To me ya kawo ku nan?"

Ya ce gwiwoyin tsohuwarsa sun gaji, in an koma makaranta Pomaa za ta dawo hannunsa a Tarkwa. Ya ga ba zai kawo mata mace gida ba tare da ta ji daga bakinsa ba, kuma ba zai je gaban Maame da rabin gaskiya ba. Ya so ya keɓe da ita kwana uku a wurin da nake yawan yabo, ya ba ta labarina, ranar Litinin su biyo ta Takoradi ya nuna mini ita, in na kore su shi ke nan.

Na ce, "Litinin? Da kun tarar da layi. Dangin Mista Eshun za su zo ƙwanƙwasa ƙofa. Har leshi an saya."

Sai da ya dafa kwale-kwalen.

"Mai siminti?"

"Shi. Mutum ne da ba ya ɓoye komai. Har abin da ba a tambaye shi ba faɗa yake."

"Kin amince?"

"Ban amince ba, ban ƙi ba. Kai ma ban ce na yafe maka ba. Ni ba na faɗa da yara, Poku, da kai nake. Kuma wannan maganar ba ni zan kai wa Maame ba. Da ƙafarka za ka je, da bakinka za ka faɗa, yarinyar na tsaye."

Ya ce ya ji. Na tashi na kakkaɓe rigata na koma aiki, don akwai baƙi a ɗakin ƙarshe da ke jiran tawul. Da yamma na kai musu abinci kamar kowane baƙo, nata ba yaji, nasa kuwa na bar Anti ta zuba yadda ranta ke so. Yana ci yana hawaye yana cewa ya yi daɗi.

Asabar da hantsi ina zaune a inuwar kwakwa kusa da bakin kogi, Pomaa na tsakanin gwiwoyina. Ruwan jiya ya warware mata kitso, ita ta kawo mini matajin da kanta, ban nema ba. Poku na gefe cikin gajeren wando da singileti, yana gina mata gidan yashi da ba wanda ya sa shi, yana satar kallona.

Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Anti, ke ce wadda Dada ya ce tana da yara da yawa a aji?"

"Ni ce."

"Kina dukansu?"

"Sai manyan da suka yi ƙarya."

Poku ya ƙara duƙufa a kan gininsa.

Sai muka ji Egya Atta ya busa ƙahonsa daga tsallake, alamar ya ɗauko baƙi. Na yi mamaki, don ban san da masu zuwa da safe ba. Na sa hannu na kare rana. A tsakiyar kwale-kwale ga wata lema mai furanni da na sani tun ina yarinya, a ƙarƙashinta Maame ce zaune ƙiƙam, rigar ruwa a kan atamfarta ta zuwa coci. A bayanta wani mutum cikin farar riga ya rungume kular abinci da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya damƙe gefen jirgi kamar ransa a nan yake.

Anti Mansa ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya a kaina.

"Af, na manta ban gaya miki ba. Jiya uwarki ta bugo, ta ce ba ta yarda za ki dawo da ƙafarki ba, mai siminti zai kawo ta ta ɗauke ki."

"Anti, mantawa kika yi?"

"Tsufa ne. Ni dai na ce su ciri kuɗi a Agona."

Na dubi Poku. Na ɗauka zai ce bari ya je ya sa riga, ko ya ja yarinyar su koma ɗaki. Ya miƙe, ya kakkaɓe yashin gwiwarsa, ya miƙa wa Pomaa hannu. Ta kama, ɗaya hannun kuma ta riƙe gefen rigata ba ta saki ba, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe. Haka muka gangara mu uku.

Mista Eshun ya fara saukowa, ya naɗe farin wandonsa, ruwa har ƙwauri, ya ce, "Madam Ticha, barka da hutu," sannan idonsa ya sauka kan hannun da ke riƙe da rigata, ya yi shiru. Shirunsa na farko ke nan da na taɓa ji, kuma har ga Allah ya ba ni tausayi.

Maame ta ƙi hannun kowa ta sauko da kanta. Ta dubi Poku daga singileti har ƙafa. Ta dube ni. Sannan ta sunkuyar da kai ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Wannan 'yar wace ce?"

Poku ya rusuna har hannunsa na taɓa gwiwa.

"Tawa ce, Maame. Sunanta Pomaa. Ita ce maganar da ta hana ni zuwa gidanki, kuma ina roƙon ki ba ni dama in yi ta yau."

Ba wanda ya motsa. Maame ta rufe lemarta a hankali, ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba.

"Ke, ƙarasa wa yarinya kitsonta, ba a barin kai rabi. Mista Eshun, ka yi haƙuri ka kai kular nan inuwa." Ta juya ga Poku. "Kai kuma je ka sa riga, ka samo mini kujera mai baya. Da ganin maganar nan doguwa ce."